Hannun da Ya Riƙe wa Kawu Kofi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya tafi a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Garwa ke sa kwano ya ƙona hannu ko a inuwa. Ranar da aka kai shi, maza sun cika rumfar ƙofar gida har bakin titi, mu mata muna ciki, kowa da abin da yake faɗa a kan mamacin.

Wata tsohuwa daga Yalwa ta ce shi ya ɗauki hoton bikinta, ya ɗauki na 'yarta, ya ɗauki sunan jikarta, kuma a cikin kaset ɗinsa ne kaɗai take ganin mijinta yana tafiya da ƙafafunsa. Ta katanga na jiyo wani dillalin shanu da ya taso daga Ngawundere yana cewa, "Mutumin kirki ne, amma taurin kai gare shi. Na ce ya rage mini tumbi a hoton bikin ɗana, ya ce in rage tuwo." Aka fashe da dariya, aka tuna inda ake, aka koma salati.

Akwai kuma wadda ta gyara mayafi ta ce, "Allah dai ya yafe masa, tunda sana'ar hoto ya yi." Ban ɗaga murya ba saboda gidan rasuwa ne. Na dai matsa kusa da ita na ce, "Amin, Hajiya. Ya haɗa da mu da muka saya. Faifan dawowarki daga Makka yana nan ko ya karce?"

A can ƙarshen tabarmar maza, inda inuwa ta ƙare, wani tsoho na zaune da hula a gwiwa. Yaran gidanmu Baban Dutse suke ce masa, don daga duwatsun wajen Mayo-Ulo ya sauko tun yana saurayi. Kirista ne. Shi ya riƙe wa Kawu sandar makirfo tun zamanin kaset, kuma shi ya zauna da shi a jinyar ƙarshe. Da aka tashi sallar gawa ya tsaya gefe, da aka ɗauka ya bi har maƙabarta, ya dawo ya zauna inda ya tashi. Ba wanda ya kore shi. Ba kuma wanda ya ce masa ya matso.

Saboda shi da Kawu nake wannan rubutu, don an so a raba su bayan mutuwa, kuma da hannuna aka so a yi.

Kawu ya fara ɗaukar biki da wata kamera mai nauyin jariri ɗan yaye, a shekarun da shugaban ƙasarmu yake sabon hawa. Kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, komai ya koma cikin waya, shugaba yana nan. Kawu kan dubi hoton da ke rataye a ofisoshi ya ce, "Fuska ɗaya ce a ƙasar nan ba ta tsufa, kuma ba ni na gyara ta ba." Yana faɗa yana goge gilashin kamera da bakin rigarsa, abin da ya hana kowa yi.

Ni na shiga sana'ar ne saboda ƙofar da namiji ba ya wucewa. In biki ya koma cikin gida wurin mata, Kawu sai dai ya tsaya a zaure yana jin guɗa. Lokacin mijina ya rasu, ina sayar da dafaffiyar gyaɗa. Ya zo ya ɗora mini kamera a kafaɗa ya ce, "'Yar ƙanwata, ke da ke ɗaukar tulu ba ya zuba, wannan ba zai gagare ki ba. Kada dai ki ba taga fuska." Da kwamfuta ta zo shagon Kawu, na ce ni ma sai na taɓa. Ya ce rubutun cikinta duk Faransanci ne. Na ce to a nuna mini inda ake koya. Haka na shiga ajin manya da furfura a goshina, ina zama kusa da matan da na yi wa 'ya'yansu wankan jego. An yi mini dariya a unguwa. Masu dariyar yanzu ni ke karanta musu takardar asibiti.

Aikin haɗa hoto, wanda a nan muke ce wa montaj, ga yadda ya koya mini shi. Ya nuna allon kwamfuta ya ce, "Ki ɗauka gado kike shimfiɗawa. Layin ƙasan nan shi ne abin da kamera ta gani, shi ne katifa. Duk abin da za ki ƙara, haske ne, launi ne, rubutun sunan amarya ne, zanen gado ne, ɗaya bisa ɗaya. Zane ana yaye shi. Katifa ba a yanka ta." Na'urar ba ta taɓa asalin hoton. Umarni kawai take riƙewa: a nan a ƙara haske, a nan a rage murya, a nan wannan hoto ya narke cikin wancan. Kana iya kunna umarnin ka gani, ka kashe shi komai ya dawo yadda yake. Sai ranar da aka ce ta fitar da aiki, sannan take bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa kowanne abin da aka tsara, daga layin ƙasa zuwa na sama. Wannan Kawu ke kira dafuwa. "Kafin a dafa," in ji shi, "duk shawara muke yi."

Dafuwa a zafin Garwa ba wasa ba ce. Kwamfutar kan yi huci kamar akuya mai naƙuda, Kawu ya zauna yana mata fifita da mafici, shi gumi na zuba. In wuta ta ɗauke a tsakiya, sai ya ce, "Allah ya isa," ya jira ta dawo, ya fara daga farko.

Abin da ya fi tsanantawa a kai shi ne jeri, wane umarni ne gaba, wane ne baya. Yakan ce, "In kika ɗaga murya kafin ki cire ƙugin janareta, janareta kika ɗaga." Kuma shi sauti yake fara gyarawa kafin hoto. Ya ce mutane za su yafe maka hoto mai duhu, amma ba za su yafe ba in ba su ji abin da kakarsu ta faɗa ba. Baban Dutse kan ce, "Ka ji dai, Malam, da bakinka. Aikina ne gaba." Kawu ya ce, "Aikinka riƙe sanda. Ko turmi aka ba hannu zai yi." Haka suke tun safe har a rufe shago.

Ni da shi mun yi faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Ina son furanni. Ina son hoton amarya ya juyo kamar faifai, taurari su zubo a kanta. Shi ya ce wannan hauka ne, amarya ba fanka ba ce. Na ce matan da suka sha wahalar daka da girki na bikin nan, in suna son taurari, taurari zan ba su. Muka yi mako ba ma gaisawa sai da kai. Daga baya ya bar mini layi ɗaya a sama, ya ce, "Ga gonarki nan, ki shuka abin da kika ga dama, kada ki sauko." Har yau ina sa furannina, kuma har yau ina ganin ni ke da gaskiya.

Akwai abin da ba ya dafawa ko za a mutu, shi ne sauya wa mutum fuska. Amma ba ya gardama da baki. In uwar amarya ta ce a ƙara wa 'yarta fari, sai ya ce, "To, zauna." Ya ƙara. Ta ce a ƙara. Ya ƙara, har hancin yarinya ya ɓace cikin farin leshi, ido biyu kawai ke yawo. Sannan ya kashe layin, yarinya ta dawo da baƙinta mai sheƙi. Ya kunna, ya kashe, ya kunna, ya kashe. Yawanci uwar ce ke cewa, "Bar mini 'yata."

Sau ɗaya na ga ya rufe fuskar mutum. A shekarun da masu bindiga suka addabi garuruwan kan iyaka, mutane suka yi ta gangarowa Garwa da abin da kai ya iya ɗauka. Wata mata daga cikinsu ta samu aikin wanke-wanke a wani gida, muka ɗauki suna a gidan, ta fito a hoto tana raba abinci. Bayan kwana biyu ta zo shago. Ta ce faifan nan zai tafi kasuwanni har ƙetare, kuma waɗanda suka kashe mijinta sun san fuskarta, suna neman ɗanta da ya gudu daga hannunsu. Kawu bai tambaye ta komai ba. Ya ɗora mata wani tabo mai dishi-dishi a fuska, wanda yake kira mayafi. Mayafin nan ba ya bin mutum da kansa a tsohuwar na'urarmu, sai an kafa masa turaku: a nan kanta yake, bayan taki biyu ga inda ya koma, na'ura ta cike tsakani. In ta sunkuya, a kafa turke. In ta juya, a kafa wani. Ya kwana biyu a kai, idonsa ya yi ja. Da ya gama, Baban Dutse ya sa abin ji a kunne ya ce, "Malam, ka rufe fuska ka bar dariyarta. Duk wanda ya san ta zai gane." Suka cire dariyar. Ni kuma na hango fuskarta a madubin kabad, can bayan mai jego. Aka koma aka rufe nan ma. Matar tana nan da ranta, ta zo gaisuwa, ta zauna kusa da ni, ba wanda ya san abin da ya haɗa ta da mamacin.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Bakinsa ya karkace, magana ta zama sai wanda ya saba. 'Ya'yansa maza suna kan hanya, fatauci tsakanin Garwa da Ngawundere da ƙetare, suna aiko da magani, ban ce ba su yi ba. Inna, matarsa, ita ma ƙafa ta hana ta. Baban Dutse ne ke zuwa kullum da safe, ya tayar da shi, ya jingina shi a kafaɗarsa, ya ba shi kunu. Wata rana Kawu ya nuna kamera da hannunsa mai lafiya, ya nuna kansa. Na kafa na ɗauka. Shi ne hotonsa na ƙarshe.

Bayan sadakar bakwai babban ɗansa ya same ni a shago. Taubashina ne, tun muna yara ba abin da ba na gaya masa. Ya ce yana son a haɗa faifan tunawa, a nuna wa dangi ranar addu'ar arba'in, a tura wa na nesa ta waya.

Na ce, "Ai ko ba ka faɗa ba na fara."

Ya ce, "Hoton ƙarshen nan. Ki gyara masa baki, ki share masa tamoji. Ki cire maganar, ba a ji, ki sa karatu a kai. Shi kuma tsohon nan ki fitar da shi."

Na ce, "Wane tsoho? Ba shi da suna yau?"

Ya ce, "Kin san abin da nake nufi. Waya ba ta da ƙofa. Gobe a kasuwa za a riƙa miƙa wa juna ana cewa ku ga bakin mahaifin wane. A ce ba shi da 'ya'ya ne, sai wani daga dutse ke share masa yawu?"

Nan na gane inda ke masa ciwo. Ban ce ƙarya yake ba, kasuwar Garwa na san bakinta. Amma na ce, "Taubashi, kai kunya kake ji, ka ce a rufe wani. Mahaifinka ya rufe fuska don kada a kashe mai ita. Bai taɓa rufe fuska don ya huta da ganinta ba."

Ya ce, "Ubana ne ko naki?"

Na ce, "Naka ne. Sana'ar kuma tawa ce."

Ya ce in ban yi ba akwai masu yi a gari. Wannan gaskiya ne, kuma su ba za su tsaya tambaya ba, katifar za su yanka. Sai na tuna yadda Kawu ke yi da iyayen amare. Na ce, "To. Zan yi duk abin da ka ce. Amma ba na dafawa sai Inna ta gani."

Na yi masa aikin tsakani da Allah, ban yi ha'inci don ya yi muni ba. Layi ɗaya na santsin fata. Layi ɗaya na ɗaga gefen baki. Na kashe muryar ɗakin, na shimfiɗa karatu mai daɗi. Na gwada yanke gefen hoton don Baban Dutse ya fita, sai Kawu ya zama kamar mai faɗuwa, don a kafaɗarsa yake jingine. Sai na ɗora masa mayafi, na kafa turaku yadda aka koya mini.

Inna tana takaba, ba ta fita, don haka muka kai mata kwamfutar ɗaki da hantsi, ni da taubashina da ƙannensa mata. Na kunna. Ga Kawu, fuska sumul kamar ango, baki na motsi ba magana. Kusa da shi wani gajimare na numfashi. Can sai hannu ya fito daga cikin gajimaren, baƙi, mai jijiyoyi, riƙe da kofi, ya kai bakin Kawu.

Inna ta ce, "A'uzu billahi! Wa ke ba shi kunu? Aljani?"

Taubashina ya juyo ya ce, "Me ya sa kika bar hannun?"

Na ce, "Kofin a kan bakinsa yake. In na rufe hannun, na rufe mahaifinka. Zo ka gwada, ga kujera."

Bai zo ba. Inna ta matso da fuskarta kusa da allon, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan yaron kuma ɗan wane ne? Ni ban zauna da wannan ba. Ina layin nan na goshinsa da ke fitowa in zai yi faɗa?"

Na kashe layin santsi. Tamoji suka dawo. Na kashe na baki, bakin ya koma inda ciwo ya kai shi. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta fara kuka. Inna ta ce, "Ci gaba." Na yaye mayafin, ga Baban Dutse da tsohuwar rigarsa, yana hura kunu kafin ya miƙa. Na kashe karatun, na dawo da muryar ɗakin.

Aka ji Kawu yana gunguni, kalma ba ta fita. Aka ji muryata daga bayan kamera ina cewa, "Baba, me ya ce?" Baban Dutse ya dubi kamera da fuskar mutumin kirki ya ce, "Ya ce ya gode, Allah ya yi mini albarka." Sai hannun Kawu mai lafiya ya tashi ya damƙe shi a gwiwa. Baban Dutse ya ce, "To, to! Ya ce ni azzalumi ne, na hana shi sukari." Kawu ya yi dariya da rabin baki, kunu ya zubo, hannun nan ya share.

Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki, dariyar ta juye kuka, ta bar shi ya zuba. Da ta nutsu ta ce, "Wannan ne mijina. Shi za ki dafa."

Taubashina ya miƙe ya ce, "Ku yi abin da kuka ga dama. Amma kada a sa sunana a ciki." Na ce dama ban sa ba.

Abu ɗaya kawai na taɓa a hoton nan, shi ne sauti. Na cire ƙugin fankar ɗakin, sannan na ɗaga muryar Kawu, da wannan jerin. Na dafa shi ina yi wa kwamfutar fifita da maficinsa. Wuta ta ɗauke a tsakiya. Na faɗi abin da yake faɗa, na jira, na fara daga farko.

Ranar addu'a, bayan malamai sun shafa, aka fito da talabijin tsakar gida don dangi. Inna ta aika a shigo da Baban Dutse, ta sa aka ajiye masa kujera a gaba. Ya yi ta noƙewa, ta ce daga bayan labule, "Ka shiga ɗakinsa kullum, tsakar gida ce za ta gagare ka?" Aka ga Kawu da kamerar kaset a kafaɗa, aka gan shi yana fifita, aka ga furannina a kan wata amarya, don na sa su ko ya so ko bai so ba. Da aka zo hoton ƙarshe, Kawu ya yi gunguninsa, a tsakar gida ba wanda ya gane. Kafin Baban Dutse na cikin talabijin ya buɗe baki, na kan kujera ya ce a hankali, "Sukari yake so." Ya ɗora hula a fuskarsa, bai sauke ba har aka gama.

Taubashina yana zaure, bai shigo ba, amma bai tafi ba. Har yau bai gaishe ni ba. Faifan ya shiga wayoyi, ya kai kasuwa kamar yadda ya ce, kuma na ji akwai waɗanda suka yi maganar bakin. Su yi. Bakin da ya yi musu faɗa ne ya gyara musu hotunan 'ya'yansu, ba zan ɓoye shi ba don ya karkace.

Layukan da taubashina ya ce a yi ban share su ba. Suna nan a kashe, bisa asalin hoton. Duk ranar da ya so, ya zo shago, in ba shi kujerar mahaifinsa, ya kunna ya kashe da hannunsa har ya gaji. Dafawa dai ba zan yi ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka inda yake kwance. Allah ya ba Inna haƙuri, ya sanyaya zuciyar ɗansa, ya saka wa hannun da ya riƙe kofin. Shi kuma Kawu, Allah ya shayar da shi abin da ya fi kunun nan daɗi, a sa masa sukari yadda yake so.